Katin Ɗan Fari

Makon jiya ɗalibai uku 'yan gida suka hawo bene har ɗakina a unguwar Ainu Shams ta Alƙahira, suka ce sun zo in koya musu sana'ata kafin hutu ya ƙare. Na tambaye su kwana nawa ya rage wa hutun, suka ce sha biyu. Ɗayansu, wani mai farin gilashi, ya ɗauki tsohon littafin Italiyanci daga kan teburina, ya haska shi da wayarsa, nan take shafin ya koma Larabci. Ya juyo mini da wayar yana murmushi irin na wanda ya zo yi wa tsoho ta'aziyyar aikinsa.

"Malam Lawal, ya'ani wannan shi ne aikin naka, ko?"

Na ce masa tamam, shi ne, shekara talatin da 'yan kai na yi ina haska littafi da waya. Na ba su shayi suka tafi. Amma da yake sun yi barazanar dawowa, na ga gara in rubuta musu abin da aikin ya ƙunsa, don bakina ya fi saurin gatse a kan bayani.

Ga yadda abin yake. Mutanen Italiya sun daɗe suna rubutu a kan Gabas, wato Misra da Sham da ƙasar Turkawa da Farisa har Indiya. Wasu waƙa, wasu ƙagaggen labari, wasu labarin tafiya. A jami'o'in nan na Alƙahira kuwa akwai sassan koyon Italiyanci, kuma kowace shekara sai an sami ɗaliban da za su rubuta risala, wato kundin neman babban digiri, a kan yadda waɗannan littattafai suka zana mutanen Gabas. Nahawun harshen suna da shi. Haƙurin zama da tsofaffin littattafai arba'in masu warin ƙura ne ba su da shi. Ni nake karanta musu. Duk inda marubuci ya taɓo mutumin Gabas, ko kasuwarsa, ko matarsa, ko sallarsa, sai in kwafe wurin a kati, in fassara shi da Larabci a bayansa, sannan in faɗi irin maganar da ce. A wannan na ƙarshen ne ake gane ma'aikaci.

Ni fiƙihu ya kawo ni Misra, fiƙihu kuma bai yi rashina ba. Wata rana da zafi na shiga wani shagon littattafai a ƙarƙashin wani gini a Zamalek, ba don karatu ba, don inuwa. Mai shagon, Ustaz Ramzi, gajere ne ƙwarai, ubansa Bamisire, uwarsa 'yar Italiya, kuma tsaninsa ya karye a makon. Ya dube ni daga ƙasa har sama ya ce in miƙo masa wani littafi daga kantar ƙarshe. Da tsayina na sami aiki, ba da ilimina ba, kuma har ya rasu bai bar ni na manta da haka ba. Shekara uku ina sauko da littattafai ina mayarwa. Bayan la'asar sai ya zaunar da ni in karanta masa Italiyanci da ƙarfi, yana riƙe da rula. Ni bai taɓa dukana ba, teburin yake duka, kuma teburin ya sha wahala a kaina.

Kayan aikinmu ba su da kwarjini. Kati fari mai layi, girman tafin hannu. Fensir, don Ustaz Ramzi ya ce mai rubuta hukunci da biro bai san kansa ba. Magogi. Madubin ƙara girman rubutu, saboda tsofaffin maɗaba'u sun yi rowar takarda. Ƙamus wanda bangonsa ya rabu da shi tun kafin in zo. Sai kwalayen takalmi guda uku, su ne shagon gaba ɗaya. A jikin na farko an rubuta Ƙarya. A na biyu, Gaskiya. A na uku an rubuta: Ya gani, bai gane ba.

Katin farko da aka bar ni na yanke wa hukunci na wani marubuci ne da ya cika shafi biyu yana bayanin yadda ya tsaya a bakin Nilu yana kallon rana tana faɗuwa a bayan dutsen Muƙaɗɗam, har hawaye ya zubo masa. Rubutun ya yi kyau, ni ma ya kusa sa ni hawayen. Na jefa shi a Gaskiya. Sai Ustaz Ramzi ya ba ni kuɗin mota ya ce in je bakin kogin da yamma in kallo masa abin. Na je na tsaya ina fuskantar dutsen har aka kira magariba, ranar kuwa tana can tana faɗuwa a bayan ƙeyata. Dutsen a gabas yake. Mutumin bai taɓa taka Alƙahira ba, a ɗakinsa ya yi kukansa. Da na dawo na ciro katin da kaina na mayar da shi kwalin farko, maigida kuma ya ce yanzu na fara zama mutum.

Wani aikin kuma na mai jaki ne. A wani littafin tafiya akwai wani mai jaki, ido ɗaya, wanda ya cuci marubucin a ƙofar kasuwa sannan ya rantse masa da gemun ubansa. Bayan wata biyu na sake haɗuwa da shi a wani littafin, ido ɗayan dai, gemun uban dai. Kafin shekara ta zagayo na gamu da shi a littattafai huɗu, tsakanin na farko da na ƙarshe kuwa akwai shekarun da suka fi rayuwar mutum, balle ta jaki. Ɗaya ne ya gan shi, in ma ya gan shi, sauran kwafa suka yi. Wayar mai farin gilashi za ta fassara muku mai jakin nan sau huɗu, tsaf, ba tare da ta ce muku kun taɓa haɗuwa ba.

Kwali na uku shi ne mai wahala, shi ne kuma masu kawo aiki suka tsana. Ɗalibi yakan zo da hukuncinsa a aljihu: duk abin da Bature ya rubuta a kanmu sharri ne. Abin da yake nema a wurina shi ne in cika masa kwalin Ƙarya ya ɗauka ya tafi. In ka ce masa wannan marubucin ya ga abin da idonsa, fahimtarsa ce ta karkace, sai ransa ya ɓaci, don dole ya zauna ya yi tunani, kuma ba don haka ya shiga digiri ba. Akwai wanda ya ce in cire masa duk inda aka ambaci ƙuda a kasuwar nama, wai ɓatanci ne. Yana maganar yana korar ƙuda daga bakin kofin shayinsa. Na bar masa ƙudansa a Gaskiya, ya tafi bai yi sallama ba.

Da wannan taurin kan na yi suna. Bayan rasuwar Ustaz Ramzi magada suka mayar da shagon wurin sayar da turare, ni kuma na kwaso kwalayen nan uku na hau metro, jirgin ƙasan cikin gari, da su zuwa Ainu Shams. Aiki ya biyo ni. A sassan Italiyanci har cewa ake yi katin Lawal ba a sake duba shi. Ba ni da shago, ba ni da takardar shaidar komai, wannan maganar ita ce duk jarina. Ku riƙe wannan, don ita na kusa rasawa, kuma da hannuna.

Wata ɗaliba ce ta zo, Nadiya, mai neman digirin dakta. Yarinya mai kaifin kai, ba irin masu zuwa da hukunci a aljihu ba, sai dai tana da zafi. Ammu Lawal take ce mini, wato Baffa Lawal. Cikin littattafan da ta ba ni akwai na wani likita ɗan Italiya da ya zauna a Alƙahira a zamanin da ake zuwa hajji a ƙasa. A wani babi ya ba da labarin wani zango a gefen gari inda baƙaƙen alhazai daga yammacin Afirka suke yada zango kafin su wuce. An kira shi ya duba wani saurayi mai zazzaɓi. Ya tambayi uwar yaron sunansa, sai ta kau da kai ta yi shiru, wata mata ce ta amsa. Kwanakin da ya yi yana zuwa bai ga uwar ta zauna kusa da shi ba, bai ji ta kira shi ba, ko kallonsa ba ta yi a gaban mutane. Da ya bincika aka ce masa ai shi ne ɗanta na fari. Daga nan likita ya yanke hukuncinsa, cewa matan wannan jinsi ba su da zuciyar uwa, rana da addini sun busar da ita.

Ba sai na gaya wa Bahaushe abin da likitan nan ya gani ba. Sunana Lawal, ni ne ɗan farin Hauwa'u a wani ƙauye kusa da Gumel. Tun da aka yaye ni Gwaggo ta ɗauke ni. Ban taɓa jin sunana a bakin mahaifiyata ba, wancan take cewa, in ta matsu ta ce yaron nan. Ranar da zan taho Misra duk gida aka rako ni bakin mota, ita kuwa ta shige madafi ta kama dakan abin da ba ya bukatar daka. Kuma duk gidan an san ta hannun wa tsokar da ta fi kowace girma take bi ta iso kwanona a ɗakin Gwaggo. Katin nan na kwali na uku ne, ko makaho ya shafa ya san haka.

Nadiya tana zaune lokacin da na gama fassarar. Ta karanta, ta buga tebur.

"Dubi wannan maƙaryacin! Wace uwa ce a duniya za a tambaye ta sunan ɗanta yana kwance ta yi shiru? Ko mage ba ta haka. Ammu Lawal, kai daga can kake. Billahi, akwai irin wannan a wurinku?"

A lokacin na shekara ashirin a garin nan ana tambayata ko zaki yana shigowa unguwarmu, ko a Misra na fara ganin takalmi. Na gaji. Na dubi fuskarta na ga irin kallon da za ta yi mini in na ce e, da irin bayanin da zan fara, da yadda kowace kalma za ta fito kamar ina kare abin kunya. Abin dariyar shi ne kunyar ce al'adar, ni kuma kunyar al'adar nake ji.

"La, abadan," na ce. "Ban taɓa ji ba."

Na jefa katin a Ƙarya. Ustaz Ramzi yana kabari, ba mai ba ni kuɗin mota in je in dubo.

Bayan shekara biyu Nadiya ta dawo da risalar an ɗinke ta, nauyinta ya kai na jariri, ta ce in bi mata wuraren Italiyancin kar a sami kuskuren harafi. Saura mako shida munaƙasha, wato ranar da za ta kare kundin a gaban malamai. Na buɗe babi na uku na tarar da likitana zaune a tsakiya. Babin gaba ɗaya a kansa aka gina shi, a matsayin babbar hujjar cewa marubutan nan ƙirƙira suke yi daga babu. Ta yi rubutu mai kyau, abin haushi. A tsakiyar babin kuma ta ce ta tambayi wani masani ɗan asalin yankin, ya tabbatar mata babu wannan al'ada ko mai kama da ita. Masanin ni ne. Kuma an riga an yi mata alkawarin buga kundin ya zama littafi.

Kwana uku ina zagaya teburin. In na yi shiru, ba wanda zai sani, don a cikin malaman da za su zauna mata ba wanda ya san inda Gumel take. Littafi zai fito, ɗalibai su yi ta kwafa daga gare shi kamar yadda aka kwafi mai jaki, har abin ya zama sananne cewa mata irin uwata wani Bature ne ya ƙirƙiro su don ya ɓata Musulmi. In kuma na yi magana, katin Lawal ya zama abin sake dubawa, kuma mai wannan sana'a ba ya da wani abin sayarwa bayan wannan. Ba zan yi muku ƙaryar jarumta ba, na fi son in yi shiru. Abin da ya hana ni shi ne duk lokacin da na buɗe shafin sai in ji ƙarar taɓaryar nan a madafi.

Na kira ta na gaya mata. Ta saurare ni har ƙarshe, sannan ta yi mini tambayar da aka koya mata.

"Fen el-marji'i? Ina madogara a rubuce?"

Na ce mata madogara ɗaya na sani a rubuce, shi ne likitan da ta yi shafi talatin tana ƙaryatawa. Ta ce maganar baki ba hujja ba ce a jami'a. Na tuna mata cewa maganar bakina ce hujjarta a shafi na tsakiya, kuma a lokacin ba ta nemi takarda ba. Na ce ta ba ni yini ɗaya.

Unguwar Ard al-Liwa na kai ta, ranar Juma'a da hantsi, a mikrobas, ƙaramar motar haya, wadda ta cika har ƙofa. A can akwai Hajiya Kaltume, tsohuwa Bahaushiyar Sudan. Kakanninta sun taso hajji a ƙasa suka tsaya a hanya don su huta, hutun ya kai jikoki. Yanzu rikici ya koro ta Alƙahira da iyalinta, tana soya ƙosai a ƙofar gida, duk ɗalibin da kewar gida ta kama ya san lungunta. Ban gaya mata abin da ya kawo mu ba. Na ce baƙuwa ce mai son sanin mutanenmu. Aka shimfiɗa mana tabarma, aka kawo shayi mai kanumfari, Nadiya ta fito da littafin rubutunta.

Ta tambaye ta 'ya'yanta nawa. Hajiya ta ce bakwai, alhamdu lillahi. Nadiya ta ce ta faɗa mata sunayensu. Hajiya ta fara lissafi da yatsu, Larabcinta na Sudan yana gudu: Usman, Zainabu, Ali, haka har ta kai shida ta tsaya ta ɗauki kofinta.

"Shida ke nan, ya Hajja. Babban fa?"

Hajiya ta ja mayafinta ta rufe rabin fuska, ta dubi bango. Sannan ta juyo gare ni da Hausa.

"Kai Lawal, wannan 'yar da ka kawo mini lafiyarta ƙalau? Ba a koya musu kunya a makarantar tasu?"

Ban gama fassarawa ba sai ga babban da kansa ya shigo, mutum mai furfura a gemu, ɗauke da tukunyar gas a kafaɗa. Ya gaishe mu, ya durƙusa ya gai da ita. Ta amsa tana kallon kaskon suya. Ta ce wa wata jikarta a gaya wa wancan ya ajiye a bayan ƙofa, alhali wancan ɗin yana tsaye taku biyu daga gare ta. Ya ajiye ya fita. Ƙafarsa na fita ta kira jikar da murya ƙasa ƙasa.

"Kin ga yana jan ƙafar hagu? Jiya ba ya haka. Ɗauko man nan na cikin jakata ki kai wa matarsa, kar ki ce ni na bayar."

Ni ban ga yana jan ƙafa ba, Nadiya ma ba ta gani ba, ga shi mu ne muke kallonsa. Na fassara mata. Ta ce in tambayi Hajiya dalili. Hajiya ta yi tsaki.

"Dalilin me? Duk duniya ta san nawa ne. Sai na yi ta shelarsa kamar mai talla? Haka uwata ta yi, haka tata. Ki ci ƙosai, ya yi sanyi."

A mikrobas ɗin komawa, da muka kusa sauka, Nadiya ta juyo ta dube ni.

"Ranar nan da na tambaye ka, ka sani."

"Na sani."

"Shekara biyu, ya Ammu Lawal."

Na ce ma'alish, wato a yi haƙuri. Wannan kalmar a Misra tana gyara komai, daga taka ƙafa har karon mota, amma ranar ba ta yi aiki ba.

Malamin da ke duba aikinta ya ce mata ta rufe bakinta, kundi ya riga ya isa hannun masu jarrabawa, khalas, magana ta ƙare. Ga shi kuma akwai gurbin koyarwa da ake jiran ta da shi a sashen, sai dai a shekarar za a cike shi. Ni ma da ta tambaye ni da na ce ta bi maganarsa, na sauke nawa nauyin. Ba ta tambaye ni ba.

Wanda bai taɓa zuwa munaƙasha a Alƙahira ba zai ɗauka biki ne. Dangi sun cika zaure tun kafin malamai su shigo, an jera furanni a gaban tebur, ga faranti faranti na alawa, ga kwalayen lemo, gwaggwanni sun gyara maƙogwaro don guɗa. Kowa ya san sakamakon, zuwa ake yi a ji shi da kunne. Na zauna a layin ƙarshe. Da aka ba Nadiya dama ta gabatar da aikinta, sai ta miƙe cikin baƙar rigar nan ta ce kafin a tambaye ta komai tana so ta sanar cewa babi na uku a kan kuskure aka gina shi, likitan ya ga abin da ya ce ya gani. Wani daga cikin malaman ya farka daga gyangyaɗi. Suka shiga ɗaki suka daɗe, suka fito suka ce ta je ta sake babin ta dawo baɗi. Gurbin koyarwa aka ba wani. Na ga mahaifiyarta tana mayar da alawa cikin kwali ɗaya bayan ɗaya, wannan kuma har yau in na tuna sai raina ya sosu.

Ba ta ambaci sunana a zauren ba, amma sashen Italiyanci ba shi da girma, kuma dogon baƙin mutum mai yin kati ɗaya ne a garin. Shekara guda ba wanda ya hawo benena. Waɗanda na yi wa aiki a baya suka kwashi katunansu suka kai wa wasu su duba musu. Na koma tafinta, ina raka marasa lafiya 'yan gida asibiti, ina gaya wa likita inda ke yi wa Alhaji ciwo, ina gaya wa Alhaji ya rage cin nama yana hararata kamar ni na ƙirƙiro dokar. Ranakun da ba asibiti kuwa na juye kwalin Ƙarya a kan tabarma na bi shi kati kati. Waɗanda suka koma kwali na uku ba kaɗan ba ne. Wasu na jefa su can ne don marubucin ya ba ni haushi, wasu don mai aikin yana tsaye a kaina yana jira. Aiki ya dawo daga baya, a hankali, amma maganar nan ta cewa ba a sake duba katina ta tafi ke nan. Yanzu ana dubawa, kuma ni nake fara cewa a duba.

A cikin shekarar sau ɗaya Nadiya ta kira ni. Ba gaisuwa, ba komai, ta ce in faɗa mata sunan mahaifiyata. Na ce Hauwa'u. Ta kashe wayar.

Da littafin ya fito ta aiko mini da kwafi ɗaya ta hannun mai gadin ginin, ba ko 'yar takarda a ciki. Sabon babin ya fi tsohon nesa ba kusa ba. Ta bi abin da likitan ya gani dalla dalla ta ce haka ne, sannan ta nuna abin da ya wuce shi, har da tambayar da bai yi ba, ta wane ne yake dafa kunun da yake tararwa kullum a gefen majinyacin. A ƙasan shafin, inda ake jera madogara, ta rubuta cewa ta sami wannan bayani daga Hajiya Kaltume ta Ard al-Liwa, da kuma Lawal, ɗan farin Hauwa'u.

Na sa aka yi mini hoton shafin na ba wani ɗalibi mai tafiya hutu ya kai gida. Ƙanwata Rabi tana koyarwa a Islamiyya, tana karanta Larabci, ita na ce a ba. Bayan mako biyu ta kira ni tana dariya tun kafin ta yi sallama.

"Yaya, ka jawo mana faɗa. Na karanta wa Inna, na fassara mata. Ta ce a'uzu billahi, sunanta da na wancan a layi ɗaya, a littafi, duniya tana gani? Ta ce a gaya wa yaron nan ya je ya sa su goge, ita ba a yi mata wannan rashin ta-idon."

Na ce ta gaya mata an riga an buga, ba ya goguwa.

"Na gaya mata. Ta yi ta faɗa har ta gaji. Da na tashi zan tafi sai ta ce in dawo, wai ba ta ji layin nan na ƙasa da kyau ba, in sake karantawa. Na sake. Ta ce kunnenta ya yi nauyi, in ƙara, a hankali. Sau huɗu na karanta mata sunanka, Yaya."

Na ce to, tsufa ne, Allah ya ba ta lafiya.

"Wane tsufa?" in ji Rabi. "Matar da take jin motsin kaza a bayan katanga?"